Makarantar Kan Amalanke: Abin Da Ya Faru Tsakanin Tuskegee Da Manoman Gundumar Macon

Akwai wata gunduma a jihar Alabama ta kudancin Amurka da ake kira Macon, a nan kwalejin Tuskegee take wadda yanzu ta zama jami'a, kuma abin da ya gudana tsakanin wannan makaranta da manoman da ke zagaye da ita daga 1892 zuwa 1944 shi nake so mu zauna mu duba da kyau, don duk mai son ya gane mene ne aikin malaman gona na jami'a, me suke iya yi wa manomi da matarsa da 'ya'yansa, kuma a ina ƙarfinsu yake ƙarewa, to gaskiya da wuya ya samu lamarin da ya fito da komai fili kamar wannan.

Bari mu fara da halin da mutanen suke ciki. An 'yanta bayi a 1865 amma ba a ba su ƙasa ba, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari na mutanen Macon baƙar fata ne, yawancinsu gonar wani suke nomawa, ko dai haya ko noman a raba, wato mai gona ya ba ka fili da alfadari da garma da ɗan ɗakin katako, in an yi girbi ya ɗauki rabinsa. To kafin girbin fa me za a ci? Sai ka je kantin mai gonar ko na wani ɗan kasuwa ka ci bashin gari da nama da tufafi, a rubuta a littafi da kuɗin ruwa mai nauyi, jinginar kuwa ita ce amfanin gonar da ko shukawa ba ka yi ba tukuna. Shi kuma mai ba da bashin ba ya yarda ka shuka komai sai auduga, saboda auduga ba ta ruɓewa, kullum tana da kasuwa, sannan ba yadda za a yi yunwa ta sa iyalinka su cinye ta kafin ya zo karɓa. Shi ya sa za ka ga auduga har bakin ƙofar ɗaki, babu ɗan lambu, babu saniya, wani gidan ko kaza babu. Ƙarshen shekara a yi lissafi a ce maka har yanzu ana bin ka, kai kuma ba ka iya karatu ba balle ka duba littafin, sai ka sake shiga wata shekarar da tsohon bashi a wuya.

Ita ma ƙasar ta gaji. Shekara da shekaru auduga kan auduga ba hutu ba taki, ruwan sama yana kwashe ta sama yana barin kwazazzabai. Abincin gida kuwa kusan kullum abu uku ne, kitsen alade da garin masara da maɗin rake, kuma irin wannan cin ne yake kawo cutar felagra wadda fata ke yin kaushi ta yi duhu a duk inda rana take duka, ga gudawa, in ta yi tsanani har taɓin hankali, ba a ma gano cewa rashin sinadarin niyasin ne ke kawo ta ba sai 1937. Ga kuma tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa saboda yawo ba takalmi a inda babu masai. Ka ga ke nan matsalar gona da ta tukunya da ta lafiya da ta bashi duk a ɗaure suke wuri ɗaya, wanda ya zo da niyyar warware guda ɗaya kawai ba zai je ko'ina ba.

Tuskegee makarantar baƙar fata ce, an buɗe ta ne a 1881 ƙarƙashin shugabancin Booker T. Washington, da dala 2,000 a shekara daga gwamnatin jiha don albashin malamai, ko gini ba ta da shi. A watan Fabrairun 1892 Washington ya kira taron manoma na farko, ya aika gayyata ga mutum kamar 75 sai ga wajen 400 sun cika wurin. Abin da ya burge ni da wannan taro shi ne manoman ne aka sa suka yi magana da bakinsu, su wa suka mallaki ƙasa, su wa suka jinginar da amfaninsu, su wa ke kwana da dukan iyali a ɗaki ɗaya, wata nawa makarantar yaransu take aiki a shekara. Taron ya zama na kowace shekara. Amma fa akwai abin da ya fito fili tun da wuri, masu zuwa taro su ne waɗanda dama suna da ɗan hali, suna da abin hawa da rigar fita da ikon barin gona na kwana ɗaya ba tare da wani ya tuhume su ba. Wanda ya fi kowa buƙata yana can cikin lungu, bai zo ba kuma ba zai zo ba.

A 1896 George Washington Carver ya iso daga kwalejin noma ta jihar Iowa da digirinsa na biyu, a 1897 kuma majalisar Alabama ta amince da kafa tashar gwajin noma a Tuskegee. Filin da ya fara aiki a kai kamar eka 10 ne na ƙasar da ta riga ta mutu, kuma wannan ya yi daidai, don irin ta ce a hannun manoman. Mutane da yawa gyaɗa kawai suka sani game da Carver, alhali babban aikinsa a wurina shi ne tambayar da yake yi wa kowace dabara, shin mutumin da ba shi da ko sisi zai iya yin wannan? Takin zamani kuɗi ne kuma bashi ne, to sai ya ce a tara busasshen ganye daga daji, a kwaso taɓon fadama, a haɗa da kashin dabbobi da tokar murhu a bari su ruɓe. A shuka wake da gyaɗa a juya da auduga, saboda saiwoyinsu suna ɗauke da wasu ƙwayoyin halitta masu jawo sinadarin naitirojin daga iska su zuba a ƙasa, ga shi kuma ana ci, yaro ya samu abin gina jiki. A shuka dankali a koyi adana shi ya kai bazara. Ya rubuta ƙananan littattafai 44 a tsawon aikinsa cikin harshe mai sauƙi, ɗaya na 1916 ya kawo hanyoyi 105 na sarrafa gyaɗa a ci, to amma takarda ina amfaninta ga wanda ba ya karatu? Shi ya sa tun kafin a yi wani tsari a hukumance yakan ɗora kaya a keken doki ranakun ƙarshen mako ya shiga ƙauyuka.

Daga nan ne maganar ƙera amalanke da za ta riƙa kai makaranta har bakin gona ta taso. Wani attajirin banki daga New York mai suna Morris K. Jesup ya ba da kuɗi, Carver ya zana, ɗalibai suka ƙera, a watan Mayun 1906 amalanken ta fara fita da George Bridgeforth, wani malamin noma na Tuskegee, a kanta, ɗauke da garmuna iri-iri da injin shuka da abin kaɗa madara a fitar da mai da samfurin iri da na taki. A kan tsaya a bakin gona inda mutum yake huɗa, ko a dandalin gari ranar Asabar, ko a harabar coci ranar Lahadi bayan an tashi. Sai dai tun a nan an samu saɓani wanda har yau yana nan a wannan aiki, Bridgeforth yana son a nuna kayan zamani, Carver yana ganin nuna wa mutum injin tace madara alhali ba shi da saniya ɓata lokaci ne, kuma su biyun ba su taɓa jituwa ba. Ni ina bayan Carver a wannan, ba don kayan zamani ba su da kyau ba, sai don wanda ka nuna wa abin da ya fi ƙarfinsa yakan koma gida ne da tunanin cewa wannan ilimi ba nasa ba ne, gobe ko ka zo da abin da zai iya ba zai fito ba.

A daidai wannan lokaci akwai wani dattijo Seaman Knapp da ma'aikatar noma ta tarayya ta tura kudu. A 1903 a garin Terrell na jihar Texas ya shawo kan wani manomi Walter Porter ya gwada sababbin hanyoyi a eka 70 na gonarsa da hannunsa, 'yan kasuwar garin suka tara dala 1,000 suka ajiye cewa in ya yi asara za a biya shi, ƙarshen shekara ba a taɓa kuɗin ba don riba ya ci ta kusan dala 700 fiye da yadda ya saba. Ra'ayin Knapp shi ne mutum yana iya shakkar abin da ya ji, yana iya shakkar abin da ya gani ma, amma abin da ya yi da hannunsa ba ya shakkarsa. Kuma ku lura da dala 1,000 ɗin nan, don ita ce mutane suke mantawa in suna ba da labarin, talaka ba taurin kai ne ke hana shi gwada sabon abu ba, tsoro ne, in gwajin ya faɗi shi da yaransa ne za su kwana da yunwa, ba malamin gona ba. Knapp ya ziyarci Tuskegee, aka daidaita, ran 12 ga Nuwamban 1906 aka naɗa Thomas Monroe Campbell malamin gona na gwamnatin tarayya, baƙar fata na farko a wannan muƙami, aka damƙa masa amalanken.

Campbell ɗan jihar Jojiya ne, an haife shi 1883 a gidan masu noman gonar wani, ya baro gida yana matashi ya nufi Tuskegee da ƙafa a mafi yawan tafiyar, saboda haka in ya shiga gidan manomi ba baƙon abu yake gani ba, gidansu yake gani. A hannunsa ne abin ya tashi daga nunin kayan aiki ya koma makaranta sosai. Bayan wasu shekaru aka ƙara malama mai koyar da aikin gida, a 1918 mota ta maye gurbin amalanke, a 1920 aka ƙara nas mai suna Uva Hester, a 1923 kuma aka sayi babbar mota da aka sa wa sunan Booker T. Washington, da kuɗin da manoma baƙar fata kimanin 30,000 suka tara da kansu har dala 5,000. Ku raba ku gani, abin da kowa ya bayar bai kai kashi ɗaya cikin biyar na dala ɗaya ba, amma mutanen da ke cikin bashi har wuya su cire wannan su bayar, ai ba sai an tambaye su ko aikin yana musu amfani ba.

Ga yadda makarantar take aiki in ta sauka a unguwa, kuma nan ne zuciyar lamarin. Ba coci ko aji ake nema ba, gidan wani manomi ake zaɓa, sau da yawa wanda ya fi lalacewa, a sanar ta bakin limaman coci cewa ran kaza kowa ya hallara a gidan wane. Da safe a raba mutane rukuni-rukuni. Maza wasu suna bayan gida suna haƙa ramin masai suna kafa masa ɗaki da murfi, wasu suna cire ruɓaɓɓen matakalar ƙofa da kowa ya saba tsallakewa suna auna katako suna buga sabo, wasu suna koyon wasa zarto da gyaran bakin garma, wasu an tafi da su gangaren gona ana nuna musu yadda ake jan kunya ta bi kwanciyar tudu don ruwa ya daina kwashe ƙasa. Malamin ba ya riƙe guduma ya daɗe, zai buga ƙusa ɗaya biyu ya miƙa wa na kusa da shi. A cikin ɗaki mata sun fitar da komai waje, an wanke bango an shafe shi da farar ƙasa, ana ɗinke buhunan gari da aka wanke a mai da su labule, ana cusa bawon masara a yi katifa da tabarmar ƙofa, ana buga raga a taga saboda ƙuda da sauro. A murhu ana koyon dafa tumatir da wake a zuba a kwalba a toshe a tafasa yadda zai kai lokacin sanyi bai lalace ba. Akwai wata dabara da nake so ƙwarai, a samu bokiti ko akwati a cika gefensa da dusar katako ko ciyawa, a gasa dutse a sa a ƙasa, a ɗora tukunyar da ta riga ta tafasa a rufe ruf, mace ta tafi gona ta yini ta dawo ta tarar abinci ya nuna, ba ta ƙona itace ba kuma ba ta tsaya gadin wuta ba. Wanda ya kawo wannan ya san cewa matar nan ita ma ma'aikaciyar gona ce cikakkiya, ba wai tana zaune a gida ba ne.

Ita kuma nas tana gefe da uwaye da ungozomomi, tana nuna yadda ake wankan jariri da kula da cibiya, yadda ake canza shimfiɗar majinyaci ba tare da an ɗaga shi ba, dalilin da ya sa kowa zai riƙe kofinsa na shan ruwa a gidan da ake tarin fuka. In an kwana biyu ko uku ana wannan sai motar ta wuce gaba, amma gidan yana nan a tsaye fari tas a bakin hanya da masai da matakala da ɗakin kaji, duk wanda ya wuce zai gani, kuma maƙwabta da hannunsu suka yi don haka sun san yadda ake yi. Gani ya kori ji.

Yara ma ba a bar su a baya ba, kuma a nan akwai wayo. A kudancin Amurka a wancan zamani an kafa ƙungiyoyin yara na masara da na tumatir da na kiwon alade, yaro namiji a ba shi eka ɗaya ya noma masara yadda malami ya ce, yarinya a ba ta kashi ɗaya cikin goma na eka ta shuka tumatir ta adana ta sayar, kowa da littafinsa yana rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu. Uban da ba zai taɓa yarda wani saurayi ɗan makaranta ya koya masa noma ba, in ya ga ekar ɗansa ta fi tasa tsayi da kauri a gona ɗaya ƙarƙashin ruwa ɗaya, ba sai an yi masa wa'azi ba, baɗi zai yi shiru ya kwaikwaya. Waɗannan ƙungiyoyi su ne suka haɗu suka zama ƙungiyar matasa ta 4-H da ake ji yanzu a Amurka. Ni a wurina littafin lissafin nan ya fi masarar muhimmanci, yaron da ya iya rubuta kuɗin shiga da na fita shi ne gobe zai iya tsayawa a gaban mai kanti ya ce a buɗe littafi a gani. Sannan ta sashen wayar da kai na Tuskegee ɗin ne dai aka fara gina makarantun karkara da tallafin wani attajirin ɗan kasuwa Julius Rosenwald, guda shida na farko a kewayen Tuskegee wajen 1913, da sharaɗin jama'ar gari su ma su kawo nasu kason ko kuɗi ko fili ko ƙarfi, daga baya shirin ya kai makarantu kusan 5,000 a jihohi 15.

Ƙwaron auduga ya zo ya ƙara wa maganar nauyi. Ya ƙetaro daga Meziko zuwa Texas wajen 1892, ya shigo Alabama a 1910, cikin 'yan shekaru ya game jihar, yana huda ƙwallon auduga ya saka ƙwai tsutsa ta cinye cikin. Abin da malaman gona suka daɗe suna faɗa na a rage dogaro da auduga sai ga shi dole ta sa ana saurara, har masu ba da bashi suka fara sassautawa a wasu wurare.

To yanzu sai mu zo inda abin yake da ɗaci, don in na tsaya a nan na yi muku rabin labari. A 1914 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar Smith-Lever wadda ta kafa aikin malaman gona a ƙasa baki ɗaya, kuɗi daga tarayya da jiha da gunduma, jami'o'in noma na jihohi su riƙe ragama. An kawo gyara a majalisa cewa a tilasta raba kuɗin da kwalejojin baƙar fata, gyaran bai wuce ba, aka bar wa kowace jiha ta zaɓa. A Alabama kuɗin ya tafi Auburn, makarantar farar fata, aikin baƙar fata ya koma ƙarƙashinta yana karɓar ɗan abin da aka yaga masa, malamansa albashinsu ƙasa, gundumomi da yawa ma babu malami baƙar fata ko ɗaya. Kuma ko shi Campbell, wanda daga 1918 yake kula da aikin a jihohi bakwai, ba ya iya shiga babbar gona ya yi magana da masu noma a cikinta sai mai gonar ya yarda, wasu kuma ba sa yarda. Yana iya koya maka haɗa taki, amma ba ya iya buɗe baki a fili ya ce rabon da ake maka zalunci ne, in ya faɗa gobe babu makarantar, wataƙila babu shi ma. Sannan ka tambayi kanka, mutumin da gonar ba tasa ba, in ya kashe shekara uku yana gyara ƙasa ta yi kyau, me zai hana mai gona ya ƙara masa haya ko ya kore shi ya sa wani? Shi ya sa waɗanda suka fi cin moriyar shirin su ne masu 'yar gonarsu ta kansu, kuma Washington da Campbell sun san haka, kullum kiransu shi ne a sayi ƙasa ko eka nawa ce.

A 1933 gwamnatin tarayya ta fara biyan manoma su rage auduga don farashi ya tashi, har aka kife wajen eka miliyan 10 da aka riga aka shuka, kuma malaman gona na gundumomi ne aka ɗora wa gudanar da shirin. Cak ɗin yana zuwa hannun mai ƙasa, da yawa suka riƙe kason masu noma musu, suka kuma sallame su tunda an rage fili. Wato tsarin da aka kafa don taimakon manomi, a wannan karon ta hannunsa aka bi aka raba dubban iyalai da gonakin da suke ci a ciki.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, kuma wallahi duk lokacin da na tuna shi raina yana ɓaci. A 1923 wata matashiyar nas da ta gama Tuskegee mai suna Eunice Rivers ta shiga makarantar tafi-da-gidanka ɗin nan, ta yi shekaru tana zaga ƙauyuka har ta san mutane suka san ta. A 1932 hukumar lafiya ta gwamnatin tarayya, da haɗin kan Tuskegee, ta fara wani bincike a Macon kan maza 600, 399 masu ciwon tunjere 201 marasa shi, yawancinsu irin manoman nan ne, ba a gaya musu abin da ke damunsu ba sai aka ce jininsu ne ba kyau, ana ba su abinci da hawa mota kyauta da alkawarin kuɗin binnewa, manufar kuwa a zuba ido a ga yadda cutar take cin mutum in ba a yi magani ba. Ko da maganin fenisilin ya samu a shekarun 1940 ba a ba su ba. Rivers ce aka sa ta zama mahaɗa tsakaninsu da likitocin, aka yi ta yi har 1972 da jarida ta tona, sai 1997 shugaba Bill Clinton ya nemi gafara a madadin gwamnati. Ba malaman gona ne suka yi wannan bincike ba, a yi musu adalci, amma mutanen sun buɗe ƙofa ne saboda sunan makarantar da fuskar da suka sani, kuma wannan yarda shekara da shekaru aka yi ana gina ta da matakala da masai da wankan jarirai. Duk jarin malamin gona yarda ce, ba shi da kuɗin rabawa ba shi da ikon tilastawa, kuma ga shi an nuna cewa wani yana iya zuwa ya ci amanar da ita.

Motar ta daina fita a 1944, Carver ya rasu 1943, Campbell ya yi ritaya 1953. In aka duba alƙaluma kawai sai a ce ai ba a ci nasara ba, don a 1920 manoma baƙar fata a Amurka sun kai kimanin 925,000, wajen kashi 14 cikin ɗari na dukan manoman ƙasar, a ƙidayar 2017 kuwa ba su kai 50,000 ba. Amma ni ban yarda a ɗora wa amalanke wannan ba, abin da ya kwashe mutane shi ne injin tsinkar auduga da ƙaura zuwa biranen arewa da wariya wajen ba da rancen gwamnati, wadda ita ce ta kai ga shari'ar Pigford da manoma baƙar fata suka kai ma'aikatar noma, aka sasanta a 1999. Abin da makarantar ta yi alkawari ta yi shi, gidan da ya samu lambu da saniya da kwalaben abinci ya ci abin da ya fi na da, ya kuma rage zuwa kanti cin bashi.

Gyaran tsarin kansa sai da aka je kotu. A 1965 hukumar kare haƙƙin jama'a ta Amurka ta fitar da rahoto da ya tabbatar da wariya a aikin malaman gona na kudu, wani ma'aikaci Willie Strain ya kai ƙara a Alabama aka yanke hukunci a 1971 cewa lallai ana nuna bambanci, sai a 1995 kuma wani hukuncin ya haɗe aikin Auburn da na jami'ar Alabama A&M ya zama tsari ɗaya, Tuskegee tana nata shirin tana haɗa kai da su, taron manoman nan na 1892 kuma har yanzu ana yin sa duk shekara.

Wani babban abin da malaman gona na yankin suke fama da shi yanzu ba a gona yake ba ma, a takarda yake. Kakannin da suka ji kira suka sayi ƙasa da yawansu sun mutu ba su bar wasiyya a rubuce ba, don ba su yarda da kotunan wancan zamani ba kuma ba su da kuɗin lauya, sai gonar ta zama ta magada gaba ɗaya ba a raba ba, bayan zuriya uku sai ka ga mutum arba'in ko fiye suna da haƙƙi a fili ɗaya, wasu suna Chicago wasu suna Detroit ba su taɓa taka wurin ba. Wanda yake zaune yana nomawa ba ya iya karɓar rance da ita don ba sunansa a takarda, sannan ɗan kasuwa yana iya sayen kason magaji ɗaya tak ya je kotu ya nemi a sayar da duka a gwanjo, a haka aka yi asarar ƙasa mai yawan gaske. Alabama ta karɓi dokar da ta ba sauran magada damar su fara sayen kason kafin a kai ga gwanjo, dokar noma ta tarayya ta 2018 kuma ta buɗe wa masu irin wannan gona hanyar yin rajista su shiga shirye-shiryen tallafi. Saboda haka yau za ka tarar da malamin gona ya gayyato lauya, an tara iyali a zauren coci ana zana bishiyar zuriya a allo, ana neman lambar wayar jikokin da suka watse, ana duba ko an biya harajin filin bana, ana lallashin tsoho ya rubuta wasiyya tun yana da rai.